Kowane Soja Ɗan Wata Uwa Ne: Yadda Ake Ceto Tsofaffin Finafinan Yaƙi



Da wuya ki sami gidan da yara maza ba sa son fim ɗin yaƙi. Jarumi guda zai faɗa cikin mutum hamsin da bindiga, ya karkashe su, ya fito ko ƙwarzane babu, yara su yi ta tafi, ana gamawa su fita tsakar gida kowa ya ɗauki kara ya ce bindigarsa ce. A irin waɗannan finafinai wanda aka harbe ba shi da suna, ba shi da gari, ba a kuma nuna wadda ta haife shi.

To amma akwai wasu finafinan yaƙi da suka sha bamban da waɗannan, waɗanda aka yi tun farkon zamanin silima, wasunsu ma sun haura shekara 100. Galibinsu a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya suke, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, kuma mutanen da suka ga yaƙin da idonsu ne suka yi su. A yau akwai gidajen tarihi da ƙwararru a Ingila da Faransa da Amurka da ke ɓatar da dukiya da shekaru wajen gyara waɗannan finafinai, su sake haska su ga jama'a. Za ki iya tambaya, mene ne abin wahala a kan tsohon fim baƙi da fari, wani ma ko magana babu a cikinsa? Amsar wannan tambaya ta shafe ki a matsayinki na uwa, domin kuwa iyaye mata na cikin waɗanda suka fara cika gidajen silima don kallon su.

Fim ma yana mutuwa

Kafin zuwan kaset da faifan sidi da waya, a kan wani dogon zare mai kama da leda ake ɗaukar fim. A jikin zaren akwai ƙananan hotuna jere da juna, idan injin majigi ya ja su da sauri a gaban fitila sai ido ya ga kamar mutanen motsi suke yi. Ana naɗe zaren kamar gammo a saka a gwangwanin ƙarfe.

Tun daga farko har zuwa farkon shekarun 1950, da wani sinadari mai suna naitiret ake yin wannan zare, kuma yana da aibu biyu manya. Na farko, ɗan'uwan albarushi ne. Idan ya kama wuta ko cikin ruwa aka tsoma shi ci gaba yake da ci, saboda shi ke samar wa kansa iskar da wuta ke buƙata. A 1897 gobara ta tashi daga wajen injin majigi a wata kasuwar tara kuɗin taimako a birnin Faris, ta kashe fiye da mutum 120, yawancinsu mata. A watan Yulin 1937 kuma, zafin bazara ya sa ma'ajiyar kamfanin Fox da ke jihar New Jersey ta Amurka ta kama da wuta, gammon fim fiye da 40,000 suka ƙone ƙurmus.

Aibu na biyu, ko bai ƙone ba yana ruɓewa. Da farko hoton zai dusashe, sai zaren ya fara danƙo yana wari, sai ya yi kumfa kamar zuma, daga nan ya dunƙule ya zama curi guda, a ƙarshe ya koma gari mai launin ƙasa. Da aka sauya zuwa wani sinadarin da ba ya saurin kama wuta, mai suna asitet, shi ma sai aka ga yana da tasa cutar. Idan ya sha zafi da laima yakan yamushe, yana fitar da wari irin na ruwan khal da kike sawa a girki.

Bayan wuta da ruɓewa akwai kuma sakacin ɗan Adam. Kamfanoni da yawa sun ɗauki fim a matsayin haja, da zarar ya gama kawo kuɗi sai a narkar da shi a cire 'yar azurfar da ke jikinsa. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a Amurka, kimanin kashi 70 cikin 100 sun salwanta gaba ɗaya. Ke nan duk wani tsohon fim da ya kawo yau, da ƙyar ya sha.

Yadda ake gyaran

Aikin gyara yana farawa ne da cigiya. Abin da aka fi nema shi ne uwar fim, wato nagatif ɗin da ya fito daga cikin kyamara, irin wanda masu hoto ke ba mu a da tare da hotunan biki. Idan ba a same shi ba sai a bi ƙasa ƙasa ana tattaro kwafe, wannan ya rasa farko, wancan ya rasa tsakiya, wani kuma hukumar tace finafinai ta wata ƙasa ta datse shi. Sai a jera su a gwada, a ɗauki mafi kyau daga kowanne, kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye ya fitar da zane guda.

Daga nan sai aikin hannu. Ana warware zaren a hankali, a liƙe inda ya yage, a gyara 'yan hudojin gefensa, a wanke ƙura da maiƙo. Sannan a saka shi a na'urar da ke ɗaukar hoton kowane gida ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwamfuta. Idan zaren ya sha ƙarzuwa, akan bi da shi ta cikin wani ruwa na musamman wanda ke cike ƙarzuwar a daidai lokacin da ake ɗaukar hoton. Ki lura, fim mai magana yana da hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato awa guda tana ɗauke da hoto 86,400. Kwamfuta tana taimakawa wajen share tabo da tsayar da rawar hoto, amma dole mutum ya zauna ya duba, domin na'ura ba ta san bambancin ɗigon datti da tsuntsu mai tashi ko ƙasar da bam ya watsa ba, tana iya share su duka.

Akwai kuma batun sauri. Wataƙila kin taɓa ganin tsohon fim inda mutane ke tafiya da sauri sauri kamar 'yan tsana, har abin ya ba ki dariya. Ba haka suke tafiya ba. Da hannu ake murɗa kyamarar wancan zamani, tana ɗaukar hoto kamar 16 zuwa 18 a daƙiƙa, wani lokaci ƙasa da haka. Idan aka haska a injin da ke gudun 24 sai komai ya yi sauri. Da zarar an mayar da fim ɗin kan saurinsa na asali sai ki ga sojan da ke ba ki dariya ya koma mutum mai gajiya, yana jan ƙafa da kaya a bayansa.

Idan an gama ba a zubar da tsohon zaren. Ana mayar da shi ɗakin sanyi. A garin Culpeper na jihar Virginia, Laburaren Majalisar Amurka yana da ɗakuna fiye da 100 na naitiret kaɗai, kowanne da sanyi kamar na cikin firji, an kuma raba su da katanga mai kauri don kada wutar ɗaya ta ci ɗaya.

Fim ɗin da iyaye mata suka je neman 'ya'yansu

A arewacin Faransa akwai wani kogi mai suna Somme, ana faɗinsa Som. A nan ne ranar 1 ga Yulin 1916 sojojin Ingila da na Faransa suka fito daga ramukan da suke fakewa suka tunkari na Jamus, waɗanda ke jiransu da bindigogi masu jigida a bayan waya mai ƙaya. A wannan rana guda sojan Ingila 19,240 suka mutu, idan aka haɗa da waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka ɓace adadin ya kai 57,470. Faɗan ya ci gaba har tsakiyar Nuwamba, kwana 141, ya kuma ci fiye da mutum miliyan guda tsakanin matattu da masu rauni daga kowane ɓangare.

Akwai masu ɗaukar hoto biyu a wurin, Geoffrey Malins da John McDowell, kowanne da kyamarar katako mai ƙafa uku. Abin da suka ɗauko shi aka haɗa ya zama The Battle of the Somme, wato Yaƙin Som, fim marar magana mai tsawon awa ɗaya da kusan kwata. An sake shi ga jama'a ranar 21 ga Agustan 1916, a lokacin ana tsakiyar faɗan. Cikin mako 6 an sayar da tikiti kimanin miliyan 20, wato kusan rabin mutanen ƙasar a wancan lokaci.

Me ya kai su? Ki tuna babu rediyo a gidaje, babu talabijin, wasiƙar soja kuma sai an tace ta kafin ta iso. Uwa ta sallami ɗanta, mata ta sallami mijinta, ba su san ko da kamannin inda suke ba. Sai ga fim yana nuna samari suna tafiya a jere, suna cin abinci, suna yi wa kyamara murmushi suna ɗaga hula. Mata suka riƙa zuwa suna ƙura wa allo ido ko za su ga fuskar nasu. Fim ɗin bai tsaya nan ba, ya nuna masu rauni ana ɗauke da su, da fursunonin Jamus a galabaice ana ba su ruwa da taba, da gawarwaki ana haƙa musu kabari. Akwai wurin da wani soja ya goyo ɗan'uwansa a cikin rami ya ɗago ya dubi kyamara, rubutun da ke fim ɗin ya bayyana cewa wanda aka goyo ya cika bayan rabin awa. Shekara da shekaru iyalai da dama sun yi ta rubuto wa gidan tarihin da ke riƙe da fim ɗin, kowanne yana cewa mai goyon nan mahaifinsu ne ko kakansu.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani babban limamin coci na garin Durham, Hensley Henson, ya rubuta wa jarida yana ƙorafin cewa an mayar da baƙin cikin masu makoki abin kallo. Ita kuwa Frances Stevenson, sakatariyar ministan yaƙi Lloyd George, wadda ta rasa ɗan'uwanta a yaƙin, ta rubuta a littafinta na yau da kullum cewa ta daɗe tana ƙoƙarin ƙiyasta abin da ya gani a ƙarshen rayuwarsa, sai da ta kalli fim ɗin ta sani. Gani ya kori ji.

Ya kamata ki san cewa gwamnati ce ta sa aka yi fim ɗin don ƙarfafa wa jama'a gwiwa, saboda haka bai nuna girman asarar ranar farko ba. Masana sun kuma gano cewa ɗan gajeren wurin da aka nuna sojoji suna haurowa daga rami suna faɗuwa, shirya shi aka yi a wani filin horo a bayan fagen daga. Amma mafi yawan abin da ke ciki gaskiya ne, har da wasu samari da aka ɗauka suna zaune a wani kwari jim kaɗan kafin a ba su umarnin fita, waɗanda da yawansu ba su kai azahar lafiya ba.

Gidan Tarihin Yaƙi na Landan ya karɓi nagatif ɗin a 1920, ya kuma yi masa kwafi mai inganci a 1931. Wannan hangen nesa shi ya ceci fim ɗin, domin na asalin ya ruɓe daga baya. A 2005 hukumar UNESCO ta saka shi cikin kundinta na abubuwan tarihin da duniya ba za ta so ta rasa ba. Aka bi hotunansa kimanin 80,000 aka gyara da kwamfuta, aka haska shi a Landan a watan Oktoban 2006, tare da sabon kiɗan da wata mata mai suna Laura Rossi ta tsara, kasancewar finafinai marasa magana da makaɗa a gaban allo ake nuna su tun asali. Gyaran ya fito da abubuwan da suka shekara 90 a ɓoye cikin duhu, kamar fuskoki, da lambobin da ke jikin kaki, da mutane can nesa suna gudu a fili. Da yaƙin ya cika shekara 100 a 2016, an shirya haska shi sau 100 a wurare daban daban cikin shekara guda.

Fim ɗin da aka sakar wa ɓeraye

A 1929 wani Bajamushe da ya yi yaƙin, Erich Maria Remarque, ya fitar da littafi a kan abin da samari suka gani. A 1930 kamfanin Universal na Amurka ya mayar da shi fim mai magana, All Quiet on the Western Front, ma'ana babu wani labari daga fagen daga na yamma. Lewis Milestone ne darakta.

Labarin ya fara ne a aji. Wani malami ya tsaya gaban ɗalibansa yana zuga su da daɗin baki a kan jarumtaka da kishin ƙasa, har suka tashi gaba ɗaya suka je suka ba da sunayensu. Shi malamin yana nan a gari, su kuwa ɗaya bayan ɗaya suka ƙare. Akwai inda babban ɗan wasan, Paul, ya soki wani sojan Faransa a cikin rami, ya kwana tare da shi yana kallon fitar ransa, da ya laluba aljihunsa sai ya tarar da hoton matarsa da 'yarsa. Akwai inda ya zo hutu gida ya sami mahaifiyarsa a kwance ba lafiya, ya ɓoye mata gaskiyar abin da ke faruwa don kada hankalinta ya tashi. A ƙarshe ya miƙa hannu zai kama malam-buɗe-littafi, aka harbe shi.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau. Amma da aka kai shi Balin a watan Disambar 1930, mutanen Hitila ƙarƙashin Joseph Goebbels suka shiga silima suka saki fararen ɓeraye, suka jefa abubuwa masu wari, suka tarwatsa 'yan kallo. Cikin mako guda gwamnati ta hana nuna shi. Masu shirin sabon yaƙi ba sa son samari su ga yadda na baya ya kasance. Da suka hau mulki a 1933 sun ƙona littafin, a 1943 kuma suka kashe 'yar'uwar marubucin, Elfriede Scholz.

A sauran ƙasashe ma almakashi bai bar fim ɗin ba. An yi ta datse shi, a 1939 aka sake fitar da shi da muryar mai sharhi a kai, wasu kwafen kuma aka cusa musu kiɗa a ƙarshe inda darakta ya so a yi tsit. Milestone ya roƙi a mayar masa da fim ɗinsa yadda yake, ya mutu a 1980 bai gani ba. Sai daga baya Laburaren Majalisar Amurka ya tattara kwafe ya gyara shi, ya dawo da shi kusa da yadda aka fara nuna shi. Shi kuwa Lew Ayres da ya fito a matsayin Paul, da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya ƙi ɗaukar bindiga, ya zaɓi aikin jinyar masu rauni a fagen daga.

Gwangwanin da ya zaga Turai

Wani abin mamaki shi ne labarin La Grande Illusion, wato Babban Ruɗi, wanda Bafaranshe Jean Renoir ya yi a 1937. Labarin fursunonin yaƙi ne 'yan Faransa a hannun Jamusawa. Biyu daga cikinsu sun gudu, wata Bajamushiya mai takaba a ƙauye ta ɓoye su ta ciyar da su, alhali mijinta da 'yan'uwanta maza duk yaƙin nan ne ya cinye su. Ta nuna musu hotunansu, ta nuna teburin cin abincin da ya yi wa gidan girma, daga ita sai 'yarta ƙarama.

Da Jamusawa suka ci Faris a 1940 sun kwashe fim ɗin, kowa ya ɗauka nagatif ɗin ya ƙone a wani harin jirgin sama. Ashe an kai shi ma'ajiyar finafinai ta Balin. A 1945 sojojin Rasha suka kwashe kayan ma'ajiyar zuwa Masko. Daga baya, a wata musayar finafinai, gwangwanayen suka dawo Faransa, garin Toulouse, suka yi shekaru a kan kanta ba wanda ya san abin da ke ciki. Renoir ya mutu a 1979 yana zaton ya rasa shi har abada. Sai a shekarun 1990 aka gane, aka gyara, aka sake nuna shi a 1999 tas kamar jiya aka ɗauka.

A sa kala ko a bari?

A 2018, shekara 100 da ƙare yaƙin, darakta Peter Jackson ɗan ƙasar New Zealand, wanda kakansa ya yi yaƙin, ya fitar da They Shall Not Grow Old, wato ba za su tsufa ba. Gidan Tarihin Yaƙi na Landan ya ba shi tsofaffin hotuna na kimanin awa 100, ya kuma samu muryoyin tsofaffin sojoji na kimanin awa 600 da aka ɗauka tun suna raye. Ya daidaita saurin hotunan, ya sa musu kala, ya ɗauko masu karanta leɓe suka gano abin da sojojin ke faɗa, aka sa 'yan wasa suka maimaita da irin karin harshen garuruwansu. An raba kwafinsa ga makarantun sakandare na Birtaniya.

Jama'a da yawa sun ce ranar suka fara ganin sojojin nan a matsayin mutane, yara ne ƙanana masu ruɓaɓɓun haƙora da dariyar ƙuruciya. Wasu masana kuma suka ce a yi hattara, kala da murya duk ƙiyasi ne, wanda ya ƙara abin da babu a asali ya yi sabon abu ne, ba gyara ba. Kowane ɓangare yana da hujja. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka fi yarda da ita ita ce, a adana na asali yadda yake, duk abin da aka ƙara kuma a faɗa wa mai kallo. Amana ke nan, domin shaida ce aka bar musu.

Namu kakannin fa?

Kada ki ɗauka wannan labarin Turawa ne kaɗai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, sun yi faɗa da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da Mora, daga nan aka kai su Afirka ta Gabas. Faransa ma ta ɗebi samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, wasunsu a bakin kogin Som ɗin nan suka faɗi, sai dai fim ɗin 1916 ɓangaren sojojin Ingila kaɗai ya ɗauka. A yaƙin Hitila kuwa, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japanawa a dazuzzukan Bama, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya. A lokacin ne motocin majigi suka riƙa zaga garuruwanmu, ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ana nuna wa jama'a labarin yaƙi. An ɗauki hotunan sojojinmu a Bama, a 1945 ma an yi wani gajeren fim a kansu mai suna West Africa Was There, ma'ana da Afirka ta Yamma aka yi. Irin waɗannan hotuna galibi a ma'ajiyoyin Ingila suke. Wa ya sani ko akwai fuskar kakanki a ciki?

Gyaran tsohon fim ma ya taɓa zuwa gida. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi da Hausa a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ba fim ɗin yaƙi ba ne, amma shi ma akwai uwar da aka raba da ɗanta ta bi duniya tana nemansa.

Abin da ya rage gare ki

Idan kina da samari a gida da suka tasa, kamar daga shekara 13 zuwa sama, waɗannan finafinai za su iya zame miki abin koyarwa. Ana samun su a faifai da kuma intanet. Idan za ki nemi All Quiet on the Western Front ki duba na 1930, domin an sake yin wasu a 1979 da 2022, na bayan nan kuma ya fi zubar da jini a fili. Ki fara kalla ke kaɗai ko ke da maigida, saboda akwai gawarwaki, a cikin na wasan kwaikwayon kuma akwai wuraren da suka shafi al'adun Turawa da za ki so ki tsallake. Kada a nuna wa ƙananan yara.

In kun zauna kallo, ki riƙa tsayarwa kina tambaya. Shekarar wannan yaro nawa? Wa yake jiransa a gida? Malamin da ya zuga su, ina yake lokacin da ake mutuwa? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi amfani, domin har gobe akwai masu daɗin baki da ke tura 'ya'yan mutane cikin wuta, ko a rikicin siyasa ko na ƙabilanci ko na daba, nasu 'ya'yan kuwa suna gida. Yaron da ya taɓa ganin inda zuga ke kai mutum zai yi tunani kafin ya bi.

Sannan ki waiwayi taki ma'ajiyar. In akwai hoton wani tsohon soja na gidanku, ko lambar yabo, ko takardar sallama, ki raba su da laima da zafi da gara, ki ɗauki hotonsu da waya, ki rubuta sunansa da garinsa da inda aka kai shi. In akwai tsohuwar da ta ga dawowar 'yan Bama, ko ta sallami wani a yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, ki zauna da ita ki ɗauki muryarta tun tana da ƙarfin magana. Kaset ɗin bidiyo ma yana yin fumfuna ya lalace, in akwai mai muhimmanci a kai shi a juye tun da wuri.

Allah ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.